Bayan Jiniya Ta Yi Shiru: Kaduna, Jos, Zariya da Gusau a Ma'aunin Zama

 



Zan fara da abin da kowa a zauren nan ya sani. Duk ranar Juma'a, da an sallame salla, Abuja takan fara zubar da mutanenta. Ka je tashar jirgin ƙasa ta Idu ko ta Kubwa, ka je tashar mota ta Jabi, ka tsaya a Zuba inda hanya ta miƙe zuwa Kaduna, ko a Mararraba inda ta nufi Keffi da Akwanga har Jos, za ka ga magidanta riƙe da 'yar jaka da ledar tsaraba, kowa na sauri ya isa gida kafin dare. Ranar Lahadi da yamma ko Litinin da asuba a dawo. Da yawanmu a nan muke neman abinci, amma iyalinmu suna can. Ashe ke nan kowannenmu ya riga ya yanke hukunci, da aljihunsa da kuma 'ya'yansa, a kan tambayar da aka ba ni in yi magana a kai: a cikin garuruwanmu da suka taɓa rayuwa da masana'anta, wanne ne har yanzu yake da daɗin zama?

Garuruwa huɗu zan ɗauka: Kaduna, Jos, Zariya da Gusau. Dukkansu jirgin ƙasa ya raine su, dukkansu injin ya ciyar da su na wani zamani, kuma dukkansu sun wayi gari injin ya tsaya. Kano na ajiye ta gefe da gangan. Bompai da Sharaɗa da Challawa sun ga irin nasu, amma girman Kano ya wuce na sauran, kuma kasuwarta ta girmi masana'antarta da ƙarnuka, don haka a bar ta da laccarta daban.

Akwai wani ma'auni da wata cibiya ta mujallar Economist ta Landan take fitarwa kowace shekara a kan biranen duniya, inda Biyana ta sha zuwa ta ɗaya, Legas kuma takan faɗo kusa da ƙarshe. Asalin wannan ma'auni don kamfanoni aka yi shi, su san nawa za su ƙara wa ma'aikacinsu in sun tura shi wata ƙasa. Idon baƙo ne mai albashin dala. Mu kuwa in mutum zai mayar da iyalinsa wani gari, tambayoyinsa sanannu ne. Akwai ruwa? Akwai abin yi? Nawa ne ɗaki da falo? Yara za su sami makaranta? In ciwo ya tashi da dare, ina za a je? Sai kuma wadda ta fi su duka nauyi a yau: ana kwana lafiya? Da waɗannan zan auna.

A Kaduna ta kudu na tashi, tsakanin Kakuri da Makera. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi aiki a ɗaya daga cikin masaƙun wurin har ya yi ritaya tun suna kan ganiyarsu. Mu yaran unguwar ba mu san agogo ba, jiniya muka sani. In ta yi kuka da asuba, masu aikin dare za su fito, masu aikin safe su shiga, titi ya cika da kekuna har ba wurin ratsawa. Masu ƙosai da koko da masu shayi sun san lokacin, haka masu gidajen haya sun san ranar albashi, haka tela, haka mai nama. Albashin mutum ɗaya a masaƙa yakan zagaya hannu goma kafin ya bar unguwar.

A 1957 Kaduna Textiles Limited, wadda kowa ya fi sani da KTL, ta fara aiki. Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ce ta kafa ta tare da wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead, kuma ita ce babbar masaƙar zamani ta farko a ƙasar nan. Dabarar a fili take: audugar Funtuwa da Gusau da Zariya da Gombe, maimakon a gurje ta a ɗora a jirgi zuwa Ingila, a kaɗa ta a saƙa ta a gida. Bayanta Arewa Textiles ta zo da haɗin gwiwar Japanawa, UNTL ta zo da jarin wasu 'yan kasuwa na Hong Kong, sai Nortex da sauransu. Masana'antar makamai ta DICON ta zauna a Kakuri a 1964, kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a 1975, matatar mai ta buɗe a 1980. Hedikwatar ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa baki ɗaya a Kaduna take, kuma daga Arewa Textiles Adams Oshiomhole ya taso har ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, daga baya ya zama gwamnan Edo. Ina ambatonsa ne don ku ga irin mutanen da ke bakin injin: Bahaushe, Bagwari, Bajju, Banufe, Tibi, Idoma, Bayarabe, mutumin Edo, layi ɗaya, shugaban aiki ɗaya, kantin cin abinci ɗaya.

Yadda abin ya mutu ba ɓoyayye ba ne. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya naira, kayan gyaran inji da sinadarin rini da ake sayowa waje suka yi tsada. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama, kowace masaƙa ta koma kan janareto. Baƙin mai, wanda ake hura tukunyar tururi da shi, daga matatar Kaduna yake fitowa, da matatar ta fara tsayawa sai ya zama abin nema. A 1997 aka ɗage takunkumin shigo da yadi, kuma ko lokacin da aka mayar da shi, atamfar Sin ta riga ta gane hanyar Kwatano da Maraɗi da Jibiya zuwa Kantin Kwari, wani lokaci ma da zanen masaƙunmu da tambarinsu a jikinta. Injinan sun tsufa ba a sabunta ba. KTL ta rufe a 2002, Arewa ta bi, UNTL ta rufe a 2007. Ma'aikatan KTL sun shafe shekara da shekaru suna bin giratutinsu, da yawa suka rasu ba su karɓa ba, alhali kamfanin na jihohin Arewa ne, wato namu. Wannan bashi ne a wuyanmu duka, kuma ba na son a yi maganar farfaɗo da masaƙa a tsallake shi.

A nan ne labarinmu ya rabu da na Turai da Amurka, kuma wannan rabuwar ita ce ginshiƙin maganata. Birnin Ditiroyit na Amurka, cibiyar ƙera motoci, yana da mutum wajen miliyan 1.8 a 1950. A ƙidayar 2020 bai kai 650,000 ba, kuma a 2013 hukumar birnin ta bayyana cewa ta tsiyace. Can in masana'anta ta mutu, mutane sukan tashi, a bar gidaje ba kowa, ciyawa ta cinye titi. Mu namu garuruwan aikin ne ya tafi, mutane suka ƙaru. Unguwar Rigasa ta Kaduna a yau ta fi wasu manyan biranen jihohi jama'a. Bututun ruwan da aka shimfiɗa don gari ƙarami, da asibitin, da makarantar, da taransifoma, su ne ake rabawa tsakanin ninkin-ba-ninkin mutanen da aka yi su dominsu, kuma ba albashin masana'anta da zai riƙa zagayawa. Saboda haka duk wanda ya kwaso maganin Ditiroyit ya kawo Kakuri, ya kawo maganin wata cuta daban.

To, mene ne ya rage wa Kaduna? Abu mai yawa. Tun da Gwamna Lugga ya dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917, gari ne na gwamnati da soja kafin ya zama na masaƙa. Makarantar horar da hafsoshi ta NDA tana nan, runduna ta ɗaya tana nan, sansanin sojan sama yana nan, ga babbar kwalejin kimiyya da fasaha, ga jami'ar jiha, ga asibitocin tarayya na ido da na kunne da na ƙwaƙwalwa. Titunanta masu faɗi ne, kogi ya ratsa ta, abinci yana da sauƙi in aka kwatanta da nan. Kuɗin da za ka kama ɗaki biyu a Kubwa ko Lugbe, a Kaduna gida sukutum zai ba ka, da tsakar gida inda yara za su yi wasa. Tun da aka buɗe layin dogo na Abuja zuwa Kaduna a 2016, mai nisan kilomita 186, Kaduna ta zama kamar wata unguwar Abuja mai nisa. Sannan akwai Panteka, inda maƙera da masu walda da masu narka dalma da alminiyom suke ƙera komai daga tukunya zuwa injin niƙa. Ƙwarewar hannu da masana'antu suka bari ba ta mutu ba, ta dai koma ƙarƙashin rumfar kwano.

Ciwon Kaduna shi ne kogin nan nata ya zama iyaka. Bayan rikicin Fabrairun 2000, da na 2002, da na bayan zaɓen 2011, mutane suka yi ta musayar gidaje, Musulmi suka tattara arewa, Kirista suka tattara kudu, in ban da 'yan tsibirai nan da can. Ban ce rufe masaƙu ne ya kawo rikici ba, domin a 2000 da yawansu suna aiki. Abin da na gani da idona shi ne, a da, ko an yi faɗa, ranar Litinin dole a haɗu a bakin inji, a gaisa, a yi wa juna jaje. Abokin aikin mahaifina mafi kusa Kirista ne daga kudancin jihar, kuma shi ya riƙe mu a ɗakinsa wani dare da gari ya rikice. Yau ɗan Rigasa da ɗan Sabon Tasha za su iya kai shekara ashirin ba abin da ya haɗa su, ba makaranta, ba wurin aiki, ba filin ƙwallo. Gari ɗaya ne a takarda, biyu ne a zahiri, kuma mai neman haya yakan fara tambayar addinin unguwa kafin ya tambayi ruwa. Harin da aka kai wa jirgin ƙasa ranar 28 ga Maris, 2022, wanda ya tsayar da zirga-zirga har watan Disamba, ya nuna mana kuma cewa daɗin zaman Kaduna a rataye yake da lafiyar hanyarta.

Jos kuwa, da iska ake zama da ita kaɗai, da ba mu tsaya muhawara ba. Tana kan tudu mai tsayin mita wajen 1,200, ba ka buƙatar fanka a yawancin shekara, sauro da sauƙi, ga kayan lambu a bakin ƙofa. Kuza ce ta gina ta. Tun farkon ƙarnin da ya wuce kamfanonin Turawa suka kafa barikoki a Bukuru da Barikin Ladi da kewaye, aka ja siririn layin dogo daga Zariya don kwashe kuzar, leburori suka kwararo daga Kano da Bauci da Barno da Sakkwato. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Japan ta kame Malaya Ingila ta rasa kuzar can, an yi wa dubban talakawan Arewa aikin tilas a ramukan Jos, sanyi da yunwa suka kashe da yawa. Ya kamata mu riƙa tuna wannan in muna yabon kyan garin. Daga baya aka gina masana'antar narka kuza ta Makeri, aka yi masana'antar mulmula ƙarfe, ga kamfanin NASCO mai biskit da sabulu. Kuzar saman ƙasa ta yi ta ƙarewa, kamfanoni suka janye, sannan a 1985 kasuwar kuza ta duniya ta rushe a Landan.

Kuza ta bar wa Jos gado iri biyu. Ta bar ramuka da tafkuna birjik, waɗanda suka ci gonaki, suka ci dabbobi da yara. Amma manoma sun mayar da ruwan tafkunan nan abin ban-ruwa, kuma kabeji da karas da latas da koren wake da muke saye a kasuwannin Abuja, da yawansu daga nan suke, tare da dankalin Turawa na Bokkos da Mangu. Ta kuma bar NESCO, kamfanin da aka kafa a 1929 don ba ma'adinai wuta daga faɗuwar ruwan Kurra, wanda har yanzu yake ba wasu sassan Filato lantarki, kuma mutanen da ke kan layinsa sun san bambancin. Ga jami'a, ga asibitin koyarwa, ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, ga cibiyar manyan ma'aikata ta Kuru. Wannan gari yana da duk abin da ake nema.

Sai dai tun rikicin watan Satumban 2001 Jos ba ta koma yadda take ba. A 2002 babbar kasuwar Taminus, abin alfaharin garin, ta ƙone, kuma shekara sama da ashirin ke nan ba ta tashi ba. Aka sake rikici a 2008, aka sake a 2010. A Kaduna kogi ne ya raba, a Jos kuwa layin rabon a tsakanin unguwa da unguwa yake, wani wuri titi ɗaya ne tsakani, kuma kowane direban Keke ya san inda zai tsaya ya ce nan ne iyakata. A ƙarƙashin abin akwai tambayar da kuza ta haifa ba a amsa ba: jikan leburan da aka kawo shekara ɗari da suka wuce, wanda bai san wani gari ba sai Jos, ɗan gari ne ko baƙo? Su kuma Birom da Anaguta da Afizere da aka haƙe gonakin kakanninsu, wa ya biya su? Duka ɓangarorin suna da abin faɗa na gaskiya. Muddin takardar shaidar ɗan ƙasa ce take raba gurbin makaranta da aikin gwamnati, wannan miki ba zai rufe ba, kuma gyaran wannan doka a garin nan da muke zaune yake, a majalisa.

Gusau ba zan daɗe a kanta ba, domin abin nata a bayyane yake kuma mai zafi ne. Layin dogon da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929 shi ya mayar da ita garin kanti: auduga, gyaɗa, fata, injin gurza, matsar mai, daga baya masaƙar Zamfara. Masana'antun Gusau duk 'ya'yan gona ne. A 1996 ta zama babban birnin jiha, aka sami sakateriya da albashin gwamnati, aka sami asibitin tarayya, jami'ar tarayya ta zo a 2013. Amma garin da ƙauye yake ciyarwa ba ya wuce lafiyar ƙauyen. Da auduga ta faɗi, matasa suka koma haƙar zinariya, kuma mun ga abin da gubar dalma ta yi a Anka da Bukkuyum a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu. Sai 'yan bindiga suka hana noma, suka sa hanyar Funtuwa zuwa Tsafe zuwa Gusau ta zama abin addu'a. Mata da yara da aka koro daga ƙauyuka suna kwana a kangwaye da tashoshi, ruwan famfo ya gaza, 'yan garuwa ne suke riƙe da unguwanni. Mutanen Gusau masu karamci ne da haƙuri, haya da sauƙi, nama da hatsi ma da araha suke a da. A ma'aunina ita ce ta huɗu, kuma ba laifin mutanenta ba ne.

Na bar Zariya a ƙarshe domin ita ce ta ba ni amsar da nake nema. Ita ma ta yi masana'antu. Mahaɗar jiragen ƙasa ce, Sabon Gari a kan tasha ya ginu, akwai injin gurzar auduga tun zamanin Turawa, akwai kamfanin taba, akwai masu matsar mai da masu yin tamfol. Yawancinsu sun tsaya ko sun ragu, amma ba ka jin ana cewa Zariya ta mutu. Dalili shi ne ba ta taɓa tsayawa da ƙafa ɗaya ba. Jami'ar Ahmadu Bello, da aka buɗe a 1962, ita kaɗai gari ce: malamai, ma'aikata, dubban ɗalibai, da duk mai abinci da mai ɗaki da mai buga takarda da ke ci daga gare su a Samaru da Kongo. Ƙara da asibitin koyarwa na Shika, da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, da makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta 1964, da kwalejin Barewa, da makarantar horar da malamai, da kwalejin Nuhu Bamalli, da dafo inda ake horar da kuratan soja. Ƙara da kamfanin Gaskiya a Tudun Wada, inda aikin ɗab'in Hausa ya yi gida. Sannan a cikin ganuwa akwai abin da ya girmi duk waɗannan: zaurukan malamai da almajirai suke zuwa daga nesa, da masu ɗinkin hannu na babbar riga, da fada.

Irin wannan ya faru a Amurka ma. Fitsbag garin ƙarfe ne kamar yadda Ditiroyit take garin mota, kuma ita ma ta rasa fiye da rabin mutanenta. Abin da ya riƙe ta shi ne manyan jami'o'inta biyu da asibitocinta, har ya zama aikin lafiya da ilimi ne suka fi ɗaukar mutane. Makaranta da asibiti ba a sayo su daga Sin a shigo da su ta Jibiya. Kuma suna yin aikin nan da masaƙa take yi a Kakuri: suna tara mutane iri-iri a ɗaki ɗaya kowace safiya. Samaru har gobe wuri ne da Bayarabe da Ibo da Bahaushe da Katab suke maƙwabtaka ba a ɗauke shi abin mamaki ba.

Ba na ɓoye aibinta. Ƙishirwar Zariya ta yi shekaru tana shiga bakin 'yan siyasa, kuma ko bayan sabuwar matatar ruwa da aka gina, akwai unguwannin da jarka da kura ne famfonsu. In malaman jami'a suka shiga yajin aiki, kamar na wata takwas da aka yi a 2022, kasuwar Samaru takan yi tsit, abin da ke nuna ita ma ƙafar tata albashin tarayya ce. Ta ga zubar da jini a watan Disambar 2015, kuma masu satar mutane sun taɓa gefunanta. Ɗan da ya gama digiri a can, sau da yawa sai ya taho nan neman aiki. Duk da haka, in ƙanina mai matsakaicin albashi da 'ya'ya huɗu ya tambaye ni inda zai ajiye iyali, Zariya zan fara ce masa, sannan Kaduna, sannan Jos in yana da dangi a unguwar da zai zauna. In kuwa aka warware maganar ɗan gari da baƙo, Jos za ta tsallake su duka a rana ɗaya.

'Yan'uwa, kada mu zauna a Abuja mu ɗauka muna kallon gobarar maƙwabci ne daga nesa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tun da aka dawo da gwamnati nan ranar 12 ga Disamba, 1991, garin nan sana'a ɗaya yake da ita. Filin da aka ware wa masana'antu a Idu bai zama abin da aka zana ba. Direba da masinja da malamin makaranta da ke yi wa birnin hidima ba sa iya kwana a cikinsa, sai Nyanya da Masaka da Suleja da Gwagwalada, awa biyu a hanya da safe, awa biyu da yamma, hayar shekara a dunƙule, ga fargabar rusau. Da yawa daga masu acaɓa da masu tura baro da masu gadi a waɗannan wurare 'ya'yan ma'aikatan Kakuri ne da jikokin leburorin Bukuru. Cunkoson Mararraba a Kakuri aka haife shi.

Ga masu riƙe da alƙalami a cikinku nake son in yi wannan magana ta ƙarshe. An sha ware kuɗi don farfaɗo da masaƙu, har da asusun naira biliyan 100 da aka ba Bankin Masana'antu ya raba wajen 2010. UNTL ta sake buɗewa a shekarar 2010 ɗin, amma Kakuri ba ta dawo ba, domin rance ba ya kawo wuta, ba ya tsare iyaka, ba ya mayar da manomi gonar audugarsa. Ko da an tayar da masaƙa yau, injin zamani ba zai ɗauki rubu'in mutanen da na da ya ɗauka ba. Ni abin da nake roƙo ƙarami ne kuma ana iya yin sa. Manyan rumfunan nan na Kakuri suna nan tsaye, da rufinsu da filinsu, layin dogo a gefensu, tashar kaya ta tudu da aka buɗe a 2018 a maƙwabtansu, bututun gas na Ajakuta zuwa Kano kuma ta jihar aka bi da shi. A fara biyan tsofaffin ma'aikata da magadansu haƙƙinsu. Kada a yanka filin a sayar a yi gidajen alfarma. A gyara rumfunan, a ja musu wuta tsayayya da ruwa, a yanka su shago-shago, a ba maƙeran Panteka da teloli da masu rini da masu sarrafa citta da masara haya mai sauƙi. A wajen rabon kuma a sa ido, a tabbatar mai walda daga Tudun Wadar Kaduna da mai ɗinki daga Sabon Tasha sun sami shago a layi ɗaya, mita ɗaya, famfo ɗaya, ƙofar shiga ɗaya.